Murjani a Kan Igwa

Mu mutanen Kankiya da Kusada, waɗanda Allah cikin hikimarsa ya zaunar a tsakiyar ƙasar Katsina, inda babban ruwan da yaro ke buɗe ido ya gani bai wuce kududdufin bayan gari ba, ko rafin da ke tumbatsa a tsakiyar damina ya ƙafe tun ba a gama ɗaurin dawa ba, ba mu da wata alaƙa da teku sai ta labari; in kuwa aka ambaci nutso a gabanmu, wanda ke faɗo mana a rai shi ne mutumin nan da ake ɗaura wa igiya a ƙugu a zura shi rijiya mai zurfi, domin ya yashe ta ko ya ciro gugan da ƙugiya ta kasa, jama'a na tsaye a baki suna kiran sunansa lokaci lokaci don su tabbata numfashinsa bai ɗauke ba. Saboda haka ba zan ga laifin wanda ya dubi kan wannan maƙala ya ce me ya haɗa kifi da kaska ba. Amma mas'alar ilimi ba ta tambayar mutum garinsu kafin ta sauka a zaurensa, kuma wannan ta sauka a nawa ne wata rana bayan la'asar, ta hannun ɗan ƙanwata, wanda ya zo hutu daga makaranta, ya miƙo mini wayarsa yana cewa, "Kawu, dubi wani ikon Allah."

Abin da na gani shi ne wani mutum sanye da baƙaƙen tufafi masu kama jiki, da tukunyar iska goye a bayansa, da takalma masu faɗi irin ƙafar agwagwa, yana shawagi a cikin ruwa shuɗi kamar shirwa a sararin sama, har ya iso ga wani abu dogo wanda da farko na ɗauka kututturen kuka ne da ya faɗi, sai da na ƙura ido na gane bakin igwa ne, murjani ya lulluɓe shi tun daga gindi, ƙananan kifaye masu launin ɗorawa suna shiga suna fita ta ramin da harsashi ke fitowa a da. Yaron ya ce, "Jirgin yaƙi ne, Kawu. Abin da aka ƙera don kashe mutane ga shi ya koma gidan kifi. Ai wannan ya tsarkaka ke nan." Na yi tasbihi kamar yadda ya yi, domin abin ta'ajibi ne lalle; amma kalmar nan tasa ta ƙarshe ta tsaya mini a rai kamar ƙayar kifi a maƙogwaro, don tsarki a wurinmu babi ne mai sharuɗɗa, ba a furta shi saboda abu ya yi kyau a ido kawai.

Kafin a shiga mas'alar, ya kamata a san yadda ɗan Adam ya kai ga wannan wuri da ba a halicce shi dominsa ba. Masu nutson lu'ulu'u na tekun Larabawa sun daɗe suna sauka da numfashi ɗaya, da dutse ɗaure a ƙafa, su tsinci abin da suka tsinta a ja su sama. Amma na'urar da ta ba mutum damar ya zauna a ƙasa yana yawo ba igiya ba bututu daga sama, wasu Faransawa biyu ne suka daidaita ta a 1943, wato Jacques Cousteau, hafsan sojan ruwa, da injiniya Emile Gagnan. Asirinta shi ne tana ba mutum iska daidai da nauyin ruwan da ke danne shi, domin kowane mita 10 da ya sauka, ruwa na ƙara masa nauyi kwatankwacin na dukan iskar da ke bisa kanmu a doron ƙasa, ta yadda a zurfin mita 30 matsin ya ninka sau huɗu. A can ne sinadarin naitirojin da ke cikin iskar da yake shaƙa ke narkewa cikin jininsa, ya sa masa wani irin maye ba tare da ya kurɓi kome ba, har mai hankali ya riƙa yin wauta. In kuma ya yi gaggawar hawowa, sinadarin ya tashi kumfa a jijiyoyinsa kamar lemon kwalba da aka buɗe da sauri, ya shanye masa gaɓɓai ko ya kashe shi. Shi ya sa masu yin wannan abu don nishaɗi ba sa wuce mita 40, kuma suna hawowa sannu sannu suna tsayawa a hanya. Launuka ma ɓacewa suke yi bi da bi, ja ne ke fara tafiya, har in mutum ya yanke a ƙasa jininsa kore-kore yake gani. Kuma duk wanda ya karanta misalin da aka buga a Suratun Nur na duffan teku mai zurfi, wani bisa wani, zai ji labarin nan bai zo masa baƙo ba.

Shi kuwa murjani, wanda iyayenmu mata ke ɗaura jansa a wuya da hannu, kuma aka ambace shi tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman, ba dutse ba ne a asalinsa, ba kuma tsiro ba: wasu ƙananan dabbobi ne masu taushi, kowace na gina wa kanta ɗaki na farar ƙasa, ta mutu ta bar shi, 'ya'yanta su yi gini a kan kufanta. Ƙwayoyinsu na yawo cikin ruwa suna neman abu mai tauri da za su manne, alhali mafi yawan ƙasan teku rairayi ne da laka, kamar hamada. To, da zarar jirgi ya kwanta a wannan hamada, sai yauƙi ya fara rufe ƙarfen, gansakuka ta biyo, sa'an nan kawa da soso da murjani. Ƙananan kifaye su samu maɓoya, manya su zo farautarsu, kafin 'yan shekaru wuri ya zama gari. Masuntanmu na madatsun ruwa irin na Zobe sun san wannan tun ba a rubuta shi a littafi ba, don sun san kifi na taruwa inda itace ya faɗa ruwa. Har yau masana na jayayya a kan ko irin wannan gini yana ƙara yawan kifi ne haƙiƙatan, ko kuwa tara wanda ke warwatse yake yi wuri ɗaya ya sauƙaƙa wa mai koma aiki.

Jiragen da yaƙi ya bari kwance a ƙasan ruwa iri biyu ne: waɗanda yaƙi ya nutsar, da waɗanda masu su suka nutsar da gangan bayan sun tsufa. Daga iri na farko, wanda ya fi shafar mu, ko da yake ba mu sani ba, yana kwance ne a Bahar Maliya, a bakin Port Sudan, ba nisa da Sawakin, tashar da kakanninmu masu tafiya Makka ta ƙasa ke isa bayan sun ratsa Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, wasu shekara biyu wasu bakwai, su jira jirgin da zai haye da su Jidda. Tsofaffin gidajen Sawakin da na tsohuwar Jidda da dutsen murjani aka gina su, saboda haka alhazanmu na da sun sha inuwar murjani ba su san sunan abin da suka jingina da shi ba. Sunan jirgin Umbria, mallakar Italiya, tsawonsa kimanin mita 150, an ƙera shi a Hambug ta ƙasar Jamus tun kafin yaƙin duniya na farko. A watan Mayu na 1940 aka loda masa kaya a tashoshin Italiya, ya nufi Masawa, cikinsa da bama-baman jirgin sama 360,000, da buhunan siminti, da motoci ƙirar Fiat, da kwalaben giya. A lokacin Italiya ba ta shiga yaƙi ba tukuna, don haka Ingilishi suka bar shi ya wuce mashigin Suwez, amma suka sa jirginsu ya bi shi, suka tsare shi kusa da Port Sudan da hujjar bincike. Ran 10 ga Yuni kyaftin ɗinsa, Lorenzo Muiesan, ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta ƙulla shiga yaƙi, tun masu tsaronsa ba su ji ba. Sai ya nemi izinin yi wa mutanensa atisayen tsira daga hatsari, suna cikin haka wasu suka buɗe wa ruwa hanya ta ƙasa, jirgi ya kwanta a gefensa na hagu, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Abin da ya sa na ce ya shafe mu shi ne, a wannan shekara ta 1940 aka kwashi sojojin Nijeriya, waɗanda da Hausa ake ba su umarni kuma da yawansu 'ya'yan ƙasashen nan namu ne, aka kai su Kenya; a Fabrairun 1941 suka shiga Mogadishu, a Maris suka kai Harar ta ƙasar Habasha, suna yaƙar Italiyawan da aka yi wa wancan lodi dominsu. Da Umbria ya sauke kayansa a Masawa, watakila da wasu daga cikin bama-baman nan a kansu za su sauka. Watakila da wani tsoho da muka taso muka gani yana zaune gindin bedi da lambar yaƙi a aljihu bai dawo ya haifi wanda ya haifa ba. Ga su can har yau, jere a cikin rumbunan jirgin kamar damman gero, soso da murjani sun yi musu mayafi, baƙi daga Turai sun sha biyan kuɗi su sauka su ɗauki hotonsu.

A arewacin tekun kuma, kusa da Ras Muhammad ta ƙasar Masar, akwai Thistlegorm na Ingila, wanda jiragen saman Jamus suka nutsar a daren 6 ga Oktoban 1941 yana ɗauke da kayan sojan Ingila da ke Masar: babura ƙirar BSA da Norton, da manyan motocin Bedford, da bindigogi, da takalman roba, har da kawunan jirgin ƙasa guda biyu. Mutum tara suka mutu a cikinsa. Cousteau ya gano shi a shekarun 1950, kuma yau yana cikin wuraren nutso mafi shahara a duniya.

Iri na biyu kuwa, ɗaya daga cikin manyansa shi ne Oriskany na Amurka, jirgi mai ɗaukar jiragen sama, tsawonsa kusan mita 270, wanda ya yi yaƙin Koriya da na Biyetnam, jirage suna tashi daga bayansa su je su zuba wuta su dawo. Da ya tsufa, sai aka kashe kuɗi masu yawa aka kwashe mansa da wayoyinsa da mafi yawan gubar da ke jikinsa, aka ja shi zuwa gaɓar Fulorida, ran 17 ga Mayun 2006 aka fasa cikinsa da nakiya, cikin minti 37 ya nutse ya zauna daram a zurfin kimanin mita 65. Ƙasar Jodan ma ta bi sahu a tekun Akaba, inda a 2019 ta jera tankoki da motocin sulke da jirage masu saukar ungulu a ƙarƙashin ruwa, ta kira wurin gidan tarihi.

Da na tattara waɗannan labarai, sai na hau mota zuwa Kusada wurin wani dattijo da na yi karatun Risala a gabansa ina saurayi, wanda ido ya fara yi masa rauni amma Muhtasar na nan a kansa kamar Fatiha. Bayan gaisuwa na ce, "Allah gafarta Malam, na zo da tambaya ne a babin tsarki, amma ba ta ruwan alwala ba ce." Na kwashe labari na gaya masa, har da maganar ɗan ƙanwata. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Yaron ya taɓo istihala bai sani ba. Amma kai da ka yi karatu, ka manta abu uku ne ke kama da juna a wannan babi, ɗaya kaɗai ne tsarki?"

Ga abin da ya tuna mini, ina faɗa da lafazina. Istihala ita ce zatin abu ya juye ya zama wani abu dabam, sunansa da sifarsa su gushe. Giya najasa ce, amma in ta koma ruwan tsami na inabi, wanda Larabawa ke kira hallu, ta tsarkaka a mazhabar Imamu Malik, ko da kanta ta juye ko juya ta aka yi. Almiski, a zancen malamai, asalinsa jini ne a jikin barewa, ga shi ya zama mafi daraja cikin turare. Kashin jaki najasa ne, amma in aka kai shi gona ya zama taki, geron da ya tsiro a kai halal ne, ba wanda ya taɓa wanke tuwo saboda asalin takinsa. Kuma kowane manomi a ƙasar nan ya san babu gonar da ta kai kufai albarka, inda bola da turke da makewayin mutanen da suka tashi suka narke suka zama ƙasa. Na biyu shi ne jima. Fatar mushe in aka jeme ta, a mashahurin zancen mazhabarmu ba ta tsarkaka tsarki na haƙiƙa ba. An dai yi rangwame a yi amfani da ita a busassun abubuwa da ruwa, amma ba a salla a kanta. Ta yi amfani, ta daina wari, asalinta na nan. Na uku ba ya ma cikin lissafi, shi ne sutura: mutum ya shimfiɗa darduma mai kyau a kan ƙazanta, ido ya huta, abin da ke ƙasa bai san an yi ba.

Ya ce, "To, bama-baman nan na kusa da Sawakin, in aka taɓa su da abin da ya kamata, suna iya tashi?" Na ce, "Abin da ya sa ba a kwashe su ba ke nan, Allah gafarta Malam, ana tsoronsu." Ya ce, "Ka amsa wa kanka."

Na dawo Kankiya ta Gidan Mutum Ɗaya ina juya maganar, kuma tun ban sauka daga mota ba na ga cewa ni da yaron duka mun yi kuskure tun a wurin ɗora tambayar. Mun tambayi ko ƙarfe ya tsarkaka, alhali ƙarfe bai taɓa zama najasa ba. Sura guda aka sa wa sunansa a Alƙur'ani, aka bayyana cewa a cikinsa akwai ƙarfin yaƙi mai tsanani, akwai kuma amfani ga mutane, aka haɗa biyun a aya ɗaya ba a raba ba. Kuma Annabi Dawuda, wanda aka tausasa masa shi, sulke ya saƙa da shi, wato kayan yaƙin da ke tsare rai. Ƙarfe ba mukallafi ba ne, ba a rubuta masa lada ko zunubi, ba shi da niyya; bakin igwa bai fi bakin garma laifi ba a wurin Ubangijinsa. Saboda haka murjanin da ya hau shi bai gafarta masa kome ba, don ba shi da abin da za a gafarta. Abin da ke buƙatar tsarki shi ne aikin da aka yi da shi, shi kuwa aiki ba a ƙasan teku yake ba, yana cikin littafin wanda ya aikata, inda gishiri ba ya ci, tsatsa ba ta kamawa. Ƙauyen da jiragen Oriskany suka ƙona bai tashi daga toka ba ran da kifi na farko ya yi ƙwai a ɗakin kyaftin.

A nan ne nake ganin hatsarin hoton da aka nuna mini, kuma kyansa shi ne hatsarin. Zuciyar ɗan Adam na son labarin da ke ƙarewa da daɗi, tana son a ce mata sharri in aka bar shi ya daɗe yakan narke da kansa ya zama alheri, ba sai kowa ya yi nadama ko ya biya diyya ba. Sai ta ɗauki sunnar Allah a kan jikkuna, wadda ke fitar da rayayye daga matacce, ta mai da ita hukunci a kan ayyuka. Malaman tasawwufi sun daɗe da rarrabe wanda ya bar saɓo don ya tuba da wanda saɓo ya bari don ƙarfinsa ya ƙare: tsohon ɓarawon da gwiwa ta hana shi haura katanga ba a kiransa ta'ibi sai in zuciyarsa ta juya. Umbria bai ajiye makami ba, nutsar da shi aka yi don kada abokin gaba ya samu. Oriskany kuwa, wanda aka jeme shi sarai kamar fatar mushe, aka yi bikin nutsar da shi ana maganar kiyaye halittun ruwa, a watan Oktoba na wannan shekara ta 2006 ƙasar da ta sallame shi ta yi bikin raɗa wa wani sabon jirgi mai ɗaukar jirage suna, wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba, kuma da makamashin nukiliya yake tafiya. Hausawa na da suna ga irin wannan: tuban muzuru, kaza a baki. Ban ce nutsar da tsohon jirgi don kifi laifi ba ne. Amfani ne, kuma ya fi a bar shi yana zubar da guba a tasha. Jima ma ai sana'a ce mai albarka, da ita ake samun salka da guga. Abin da na ƙi shi ne a shimfiɗa fatar a ce mu yi salla a kai.

Sauran tambaya ita ce ta mai nutson kansa: ya halatta mutum ya je kallon irin waɗannan wurare, kuma da wace zuciya? A nan nassoshi biyu ke fuskantar juna, kuma a ganina ba su yi karo ba. A wurare da yawa Alƙur'ani ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Kuma Fir'auna, wanda ya nutse da rundunarsa da kayan yaƙinsa, an faɗa a Suratu Yunus cewa za a fitar da jikinsa ne domin ya zama aya ga na baya. Ke nan gani abin nema ne. A ɗaya gefen kuma, sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta Hijir, kufan Samudawa, a hanyarsa ta zuwa Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka halaka sai in suna masu kuka, ya rufe kansa ya gaggauta abin hawansa, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo, ƙullun da aka kwaɓa da shi aka ba raƙuma. Ƙiyasin bai cika ta kowace fuska ba, domin matuƙan Thistlegorm ba mutanen da azaba ta sauka a kansu ba ne, talakawa ne masu neman abinci da yaƙin manya ya ci. Amma illar da ke cikin hanin ta shafe mu, wato kada wurin izina ya koma wurin shaƙatawa, har mutum ya tsaya a inda ajalin wani ya same shi yana ɗaga yatsu biyu ana ɗaukarsa hoto.

Wanda ya fi sosa mini rai a wannan fanni ba jirgin yaƙi ba ne ma. A tsakiyar Disambar 1991 wani jirgin fasinja mai suna Salem Express ya taso daga Jidda ya nufi Safaga ta Masar, cike da ma'aikata masu komawa gida da masu dawowa daga Umra. Cikin dare da hadari ya daki tsaunin murjani kusa da gaɓa, ya nutse cikin 'yan mintoci, mutum fiye da 400 suka rasu bisa ƙidayar hukuma, kuma ba duka gawawwakin aka fitar ba. Shi ma murjani ya hau shi, shi ma kifi ya cika shi, domin murjani ba ya bambance jirgin alhazai da na mayaƙa, kamar yadda ciyawa ba ta bambance kabarin waliyyi da na azzalumi. Kuma wannan kaɗai ya isa hujja cewa hawansa ba shaidar kome ba ce. Masu nutso na zuwa can, suna ganin akwatuna da tsarabar da ba ta isa gida ba, wasu jagororin nutso na Masar kuwa ba sa yarda su kai kowa. Shari'armu ta ƙidaya wanda ruwa ya ci cikin shahidai, ta hana zama a kan kabari, ta daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai wajen zunubi. Ban ga yadda zurfin mita 30 zai sauke wannan hurumi ba. Ingilishi ma, da ba su karanta Risala ba, sun hana nutso a kan jirginsu Royal Oak, wanda Jamusawa suka nutsar a Oktoban 1939 da mutum fiye da 800 a ciki, sun ce maƙabarta ce. Sojojin ruwansu kaɗai ke sauka kowace shekara su canja masa tuta. Abin da suka yi wa matattunsu, ban ga dalilin da zai sa a hana wa na Safaga ba.

Istihala ta haƙiƙa na nan tafe ga jiragen nan duka, amma a hankali, kuma ba da hannun kowa ba. Gishiri na cin ƙarfe kowace rana, rufi na ruftawa, bango na zubewa, kuma wata rana, bayan mu da jikokinmu, babu abin da zai rage sai tudun murjani da babu mai iya cewa ga abin da ke ƙarƙashinsa, kamar yadda ganuwar garuruwanmu da aka gina don tsoron mahara ta zaizaye ta koma tudu ana shuka gyaɗa a kai. A ranar ne sunan jirgi zai faɗi daga kansa, hukuncinsa ya bi sunansa.

Da hutun yaron ya kusa ƙarewa na ja shi muka je maƙera, domin in karɓi laujen da na ba da a yi mini kafin girbi. Maƙeranmu sun daɗe da barin narkar da tama. Da tsohon ƙarfen mota suke aiki, musamman sifirin na manyan motoci, don ya fi riƙe kaifi. Muka tarar da maƙerin, wanda sa'an mahaifina ne, ya sa wani guntun sifirin a wuta ya raba shi biyu da kurfi: rabi ya lanƙwasa ya zama laujena, ɗaya rabin kuwa yana gefe an miƙe shi an fere bakinsa, kusa da wasu irinsa guda huɗu ko biyar, masu tsawon da ya wuce na yankan albasa. Kowa a ƙasar Katsina ya san abin da shekarun nan suka kawo, da dalilin da ya sa mutumin ƙauye ke kwana da irin wannan a ƙarƙashin tabarma. Yaron ya dubi laujen, ya dubi na gefen, ya ce, "Baba, duka daga ƙarfe ɗaya?" Ya ce, "Daga mota ɗaya ma." Ni kuma na ce, "Baba, bana wanne aka fi nema?" Bai ɗago kai ba; ya juya ƙarfen da awartaki, ya ce wa jikansa ya ƙara zuga.